Ni Na Koya Mata, Ita Ke da Takarda

Talata da dare, Kubwa

Yau aka naɗa Rifkatu shugabar ɗakin bakwaini. Rifkatu, wadda ni na koya mata neman jijiya a hannun jariri! Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin nan. Da na tambayi oga dalili, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce, "Sista Hajara, ita tana da takardar kwas ɗin jinyar jarirai. Ke fa?"

Ni fa? Sau biyu layin zuwa kwas ɗin yana zuwa kaina, sau biyu ogar nan tana riƙe hannuna: "Ki bari sai baɗi, ɗakin nan ba zai tafi ba sai da ke." Ni kuma kaina ya kumbura, na zauna.

Abin da ya fi ƙona min rai, Rifkatu ba ta dawo daga kwas ɗin hannu rabbana ba. Makon jiya ita ta gano iskar da ake ba wani jariri ta yi yawa. Sau uku na wuce kwalbarsa ban lura ba.

Fom ɗin neman kwas ɗin yana jakata. Gobe oga za ta sa hannu, ɗakin kuma ya koyi tafiya ba ni.