Layin da Na Goge

Zuwa ga Umma,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya ɗinki? Allah ya sa kin rage wuni a kan keke.

Umma, raina ba daɗi. Kin san kwalin nan da kike ɗorawa a kan yadi ki yanka riga goma da shi? Irinsa na yi a ofis. A da, duk rukunin da zai saki sabuwar manhaja sai ya rubuta matakansa da kansa. Ni na haɗa samfuri ɗaya: a gwada manhajar, a ajiye kwafin bayanai, sannan a ɗora ta. Yanzu rukuni goma sha huɗu ke jan wannan samfurin kai tsaye. Har shugabarmu ta yaba mini a taro, kaina ya kumbura.

Ranar Litinin matakin ajiye kwafin ya ci mini rai, minti ashirin yana ta juyawa, aikina kuwa bai buƙace shi ba. Na goge layin wannan matakin daga samfurin da niyyar mayarwa da rana. Na manta. Ban kuma tuna cewa abin da na taɓa a can, kowa na taɓa wa ba.

Washegari Baban 'Yan Biyu, wanda ya koya mini aikin nan, ya saki manhajar wani asibiti. Ta tsaya a rabi, jerin masu ganin likita na mako biyu ya ɓace, aka nemi kwafi babu. Aka ce sakacinsa ne, aka dakatar da shi. Na lallaɓa na mayar da layin, ban ce uffan ba. Kofin shayinsa na nan a teburin da ke kallon nawa, na kasa ɗaga ido.

Ki sa ni a addu'a.

Autarki

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, saƙonki ya iso. Kin ce ba haka kika rene ni ba. Na karanta sau uku, na yi fushi, fushin kuma da kaina nake.

Ranar Asabar na je gidan Baban 'Yan Biyu, wai gaisuwa. Matarsa ta kawo mini ruwa, 'yan biyun suna ta hawa jikina. Da zai raka ni bakin ƙofa, ya ba ni shawara in riƙa sa wa samfurin lamba, kowane rukuni ya riƙe lambar da ya gwada, kada gyaran mutum ɗaya ya faɗa kan kowa. Sai ya ƙara da cewa na'urar tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa layi, da ranar da lokacin. Tun ranar da abin ya faru ya ga sunana, Umma. Kwana goma yana zaune a gida da wannan a cikinsa, yana jira in faɗa da bakina. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Jibi kwamiti zai zauna a kan maganarsa. Ɗazu na rubuta wa shugabarmu komai, har da mayar da layin da na yi a ɓoye. Na aika kafin in zauna rubuta miki, don na san halina.

Tsoro nake ji sosai. Ki gaida Yaya da yara. Idan tsohon keken ɗinkin nan na bayan ƙofa yana aiki, ki sa a zuba masa mai, ko da za a kore ni in dawo kansa.

Autarki