Kwanon Waina

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba. Yaya ƙafar taki? Mutanen Ibeto sun kawo dawar bana kuwa?

Inna, mun tare. Cikin Abuja ya fi ƙarfinmu, sai maigidana Abdulgafar ya sayi ɗan gida can bayan Kuje, ciki biyu da falo. Kada ki damu, gidan da kyau. Ruwa ne dai sai wurin 'yan garuwa, kuɗin mota kuma yana cinye rabin albashinsa. Da asuba yake fita aiki, ni kuwa in wuni ina kallon katanga.

Ranar Juma'a na yi yadda kika koya mini. Na soya waina, na zuba a kwano uku, na bi maƙwabta. Gidan farko ba a buɗe mini ba. A na biyu maigadi ya karɓa ta ƙaramar ƙofa. Matar gida na uku ta leƙo ta ce, "Nawa-nawa kike sayarwa?"

Wallahi dariya na yi. Sai da na dawo gida na zauna ina ta juya maganar.

Ki gaishe mini da maƙwabciyarmu Ramotu. Ki ce mata na daina mitar aron turmin da take yi mana kullum. In an samu mai tahowa, a aiko mini da daddawa da kuka.

Jiya aka ajiye mini kwanon nan da maigadi ya karɓa a bakin ƙofa. An wanke shi fes, amma ko ƙwayar gyaɗa babu a ciki. Inna, a Kontagora wa ke maido kwano haka?

Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Karima