Wayarka Ba Ta San Ka Rasu Ba

Zuwa ga maigidana, Malam, Baban Hafsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da biyayya, ina sanar da kai cewa yau kwanana sittin da uku a takaba, kuma har yanzu wayarka ba ta daina yi maka faɗa ba.

Kullum ƙarfe bakwai na safe manhajar motsa jikin nan ke aiko maka da saƙo. Jiya cewa ta yi lalaci ya kama ka, wai masu nasara ba sa kwanciya.

Ka tuna ranar da muka sa ta? Likita ya ce hawan jininka na bukatar tafiya, ni kuma na tasa ka gaba da tsiya, ina cewa randar gidan nan ta fi ka ƙugu. Farashi uku muka gani: na mako wai kyauta, na wata, da na shekara da aka rubuta shi kamar na wata. Kai da ka tsufa kana duba takardun ofis, ka gyara tabarau ka ce, "Hajara, duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne, Malam.

Katin bankinka ya ƙi, ka karɓi nawa. Ka danna biya, abin ya yi ta juyi, ya ce bai shiga ba. Ka sake. Na ce ka bari, ka sake. Ashe duk biyan ukun da ka danna sun shiga. Ka ce za ka gyara ranar Litinin, kuma ka san halinka da Litinin.

Yanzu duk wata sau uku ake yankar kuɗin ɗinkin hulata. Na shiga wurin sokewa, manhajar ta ce sai ka ɗora babban yatsanka. Na kira banki, suka ce in zo da kaina, ni da ba zan taka zaure ba sai nan da wata biyu. Na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Yaya Binta ta ce in goge manhajar in huta. Gogewa ba ta hana yanka, kuma tafiyarka ta ƙarshe na ciki: shuɗin layi a kan taswira daga ƙofar gidanmu, ta bayan fada, zuwa Ƙofar Doka, inda ka faɗi. A ƙarƙashinsa ta rubuta, "Saura kaɗan, ka daure." Ranar ka ce min kanka ya yi nauyi, na ce ƙiuya ce, na miƙo maka takalmi. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Da safen nan na kasa jure a sake zaginka. Na ƙulle wayar a bakin zanena, na yi ta zagaya tsakar gida, daga rijiya zuwa madafa, har ƙafata ta yi zafi. Sai wayar ta yi ƙara. Ta kira sunanka gatsal, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kawo ni gidan nan, ta ce barka da dawowa, an yi kewarka. Na zauna a bakin rijiya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka hutun da na hana ka. Ka yafe min takalmin nan.

Taka har kullum,
Hajara