Ƙattin da Suka Ɗauki Evaristo

Mama Zulema,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki?

Sai ranar jana'iza na gane wanda na aura. Ƙattin da Evaristo yake daka wa tsawa a filin wasan rugby, tun ƙungiyar lardin Tucumán har ta ƙasar Ajantina, sun zo Faransa sun ɗauki akwatinsa a kafaɗa. Ɗayansu yana kuka ya ce, "Gajere, yau ka yi shiru? Zage mu mana!" Coci ya ɗauki dariya, sai tafi. Mama, kin haifi namiji.

Ni ƙalau nake, barci ne dai ya ƙi. Ki yi mini addu'a.

Kafin ya rasu, Evaristo ya ce rigarsa ta ƙungiyar ƙasa mai lamba tara taki ce. Har yanzu na kasa aiko miki ita.

Surukarki,
Nélida