Rasuwar Malam Idrisu Mai Jita, da Kaset ɗin da Ya Riske Shi da Rai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Makaɗan Zamani ta Potiskum ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, Alhaji Malam Idrisu Bubayaro, wanda aka fi sani da Idrisu Mai Jita, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Laraba da hantsi a gidansa da ke Dogo Nini bayan doguwar jinya, aka kuma yi masa sutura a ranar.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa jitar lantarki a ƙungiyoyin kiɗan Turawa na rok a Jos da Kaduna da Legas. Da ya dawo gida sai ya ajiye tsalle-tsallen dandali, ya duƙufa wajen tsara dogayen kaɗe-kaɗe marasa waƙa, waɗanda sai babban taron makaɗa ne zai iya fitar da su: goge na gida da na Turawa, algaita, sarewa, begila, ganguna, ga jita a tsakiya. Bai taɓa rubuta su ba. Kowane makaɗi shi kaɗai yake kira zaurensa, ya koya masa rabonsa da baki, ya hana shi sauraron na wani don kada ya riƙa jingina da ɗan'uwansa. Saboda haka babu wanda ya san kiɗan gaba ɗayansa sai shi, shi ma a cikin kansa kawai yake jin sa.

Da ciwo ya kwantar da shi, tsoro ya kama mu kada kiɗan ya bi shi kabari bai ko ji shi da kunnensa ba. Muka tara makaɗanmu, har da na Damagum da na Jos, a ɗakin taro na gari, suka kaɗa shi a gaban jama'a, wani mai ɗaukar sauti yana ɗauka a na'ura, ƙarƙashin jagorancin mai girma shugabanmu, Malam Umara mai algaita, wanda marigayin ya faɗa wa wane ne zai shigo bayan wane. Marigayin shi kansa bai iya halarta ba. Mu da muke wurin mun ji kamar ƙofofi ne ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya a wani gida da muka daɗe muna wucewa ta gabansa.

Sai bayan baƙi sun watse muka gano abin da ya faru. A tsakiyar kiɗan akwai wani dogon shiru da marigayin ya saka da gangan. Mai ɗaukar sauti kuwa aikin biki da wa'azi ya saba, inda shiru ke nufin an tashi, sai ya kashe na'urarsa ya fara naɗe waya. Rabin kiɗan bai shiga ba, sake tara mutanen nan kuma ba abu ne na kusa ba, ga jikin Malam ya yi tsanani.

A nan ne ƙungiya take miƙa godiya ta musamman ga uwarmu, Hajiya Fanne Idrisu, mai ɗakin marigayin. Ashe ta zo taron da ƴar rikodarta a kan cinya, ta rufe ta da mayafi, don ta kai wa maigidanta abin da ya kasa zuwa ji. Da shirun ya zo ba ta kashe ba. Ta ce ta daɗe da sanin cewa idan Malam ya yi shiru bai gama magana ba. Kaset ɗinta ya ɗauki komai, daga farko har tafin jama'a.

Hajiya ta shaida mana cewa Malam ya saurari kaset ɗin idonsa a rufe. Da aka zo shirun, sai aka ji a cikin kaset ɗin ƙarar wata tirela tana wucewa a titin Maiduguri, ita kuma ta fara ba shi haƙuri. Ya yi murmushi, ya ce dama don garin ya samu wurin shigowa ya bar gurbin.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajiya Fanne da ƴaƴansa da dangi da ɗaukacin jama'ar Dogo Nini juriyar wannan babban rashi. Da izinin Hajiya, daga kaset ɗinta za a buga na jama'a bayan ta fita takaba, kuma ƙungiya ta yanke shawarar ba za a goge ƙarar tirelar ba.

Malama Mubaraka Muhsin
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Makaɗan Zamani ta Potiskum
Yuli, 1996