Tunkiyata a Kasuwar Epe

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baba da Auta da duk mutanen gida a Daura. Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi, damshin garin ne kawai.

Ranar Asabar Gwaggo Zubaida ta kai ni kasuwar bakin ruwa a nan Epe. Inna, ƙaguwa da ranta ake sayarwa, har da dodon koɗi, wai na miya! Ina kawar da kai sai idona ya faɗa kan dabbobin da aka sauke daga Arewa. Wallahi tunkiyata Kyalla na gani, da tsagar kunnenta da jan ƙyallen da na ɗaura mata a wuya. Na kira ta, ta amsa. Mai ita ya ce, "'Yammata, saye za ki yi?" Na juya na bi bayan Gwaggo.

Baba ce mini ya yi wai kiwo ya kai ta Zango, a satin da ya biya kuɗin makarantata.

Don Allah kada ki gaya masa na gani. Ki ce masa dai ina karatu sosai. Allah ya ƙara masa buɗi.

'Yarki,
Siddiƙa