Sun Ce Zuciya Gare Ta

Zuwa ga Mma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya yalwata miki makwanci. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma ke kaɗai zan iya gaya wa wannan magana ba tare da an ce na cika raki ba.

Kin yi takwara bayan tafiyarki. Ba na iya kama sunanta, sai dai in ce Mma ƙarama. Ta wuce wata takwas, amma duk wanda ya ɗauke ta sai ya zaci jaririya ce.

Kin tuna yadda kike kama ni da littafin soyayya a gindin tukunyar koko, ki ce, "Wannan zuciya da kike karantawa kullum, ita za ta dama miki kokon?" A littattafan nan zuciya takan yi ciwo, kafin shafin ƙarshe ta warke. Ban taɓa karanta inda aka haife ta da huji ba.

Tun bayan suna jikarki ba ta shan nono kamar 'ya'yan mutane. Ta kama, ta ja kaɗan, ta saki tana haki, gumi ya jiƙa mata goshi kamar wadda ta ɗauko kaya daga kasuwa. Matan gidanmu suka ce zuciya gare ta, fushi take yi da nono. Na taya su dariya, Mma. Har daɗi nake ji, wai na haifi mai zuciya irin ta 'yan matan littafi.

Da ta isa shan koko, Goggo Asabe, yayar baban maigidana, ta ce maganin mai zuciya ɗura. Kin san ɗura, da ita kika raine mu duka muka yi ɓul-ɓul. Goggo ta kwantar da yarinyar a cinya, ta tara tafin hannu a bakinta, ta zuba koko mai ruwa-ruwa, ta toshe mata hanci. Leɓen yarinyar nan ya koma shuɗi kamar an shafa masa bula. Ko kuka ba ta iya yi ba.

A babban asibitin da ke wajen unguwar Bantama likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya ce zuciyarta ce, huji gare ta. Ashe matan gidanmu sun faɗi sunan ciwon ba su sani ba. Ya ce zuciyar tana wahala fiye da ƙima, tana cinye duk abin da ya shiga cikinta, tsotson nono ma a wurinta kamar hawan tudu ne. Za a yi mata aiki, amma sai ta yi nauyi tukuna.

Wata nas ta zaunar da ni tana maimaita mini da yaren Asante, "kakra kakra," kaɗan-kaɗan, a kai a kai. In tatse nono in ba ta da cokali. Koko ya yi kauri, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin kifi da ɗigon mai. Kada ruwa ya riga abinci cika mata ciki.

Goggo ta daina shiga ɗakina. Tana cewa a tsakar gida ina kashe mata jika da cokali. Ba mugunta ba ce, Mma, ita ma tsoro take ji. Maigida kuwa ya rasa bayan wa zai bi.

Jiya aka ɗora ta a sikeli, ba ta ƙaru ba. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, za a saka mata siririyar roba ta hanci a riƙa ba ta abinci ta nan. Na ce to.

Ga ta a cinyata yanzu, Mmana. Rabin kokon yana cikin kofi ya huce, ta yi barci cokali na leɓenta. In na tashe ta, ta gaji. In na bar ta, ta kwana da yunwa. Da kina nan da kin gaya mini wanne zan yi.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Allah ya ba takwararki ƙarfin shanye abin da ya rage a kofin nan, kada ya kai miki ita yanzu.

'Yarki,
Balki